Yadda Marubuci Kirista Zai Kai Littafinsa Hannun Masu Karatu

Littattafan Kirista da yawa an rubuta su da gumi da addu'a, an buga, an ƙaddamar a majami'a cike maƙil da jama'a, yau kuma suna jibge cikin kwali a ƙarƙashin gado, gara na ci. Sau da yawa rubutun ba shi da laifi. Marubucin ne ya ɗauka cewa ranar ƙaddamarwa ita ce kasuwar gaba ɗaya. Ƙaddamarwa tana iya mayar maka da kuɗin ɗab'i, amma masu karatu ana samunsu ne ɗaya bayan ɗaya, ta hannun mutanen da jama'a suka riga suka amince da su. Wannan aikin kuwa tun kafin littafi ya shiga maɗaba'a ake fara shi.

Ka fara daidaita zuciyarka a kan maganar kuɗi

Wasu 'yan'uwa kunyar tallata littafinsu suke ji, wai kada a ce suna sayar da bishara. Tsoron yana da tushe, domin Bulus ya yi kashedi a 2 Korintiyawa 2:17 game da masu mai da maganar Allah kayan ciniki. Amma shi ɗin ne kuma ya tuna wa Timoti cewa ma'aikaci ya cancanci ladansa. Abin da kake karɓar kuɗinsa takarda ce da tawada da aikin mai gyara da kuɗin mota. Idan ba ka karɓa ba, bugu na biyu ba zai fito ba, littafin ya mutu ke nan. Iyakar da za ka kiyaye ita ce: kada ka yi alkawarin mu'ujiza ga wanda ya saya, kada ka sa mutum ya ji kamar ya yi zunubi don bai saya ba, kada kuma ka tallata littafinka ta hanyar zagin addinin maƙwabcinka. A garuruwan da muke zaune tare da Musulmi gida da gida, take mai tsokana ko takardar talla mai habaici na iya jawo abin da ba littafi kaɗai zai shafa ba.

Wa kake rubuta wa?

"Dukan Kirista" ba amsa ba ce. Ka zauna ka rubuta jimla ɗaya da ke nuna mutum guda: uwa 'yar Zumuntar Mata da ke fama da tarbiyyar 'ya'ya matasa, ko mai bishara a ƙauye da ke shirya wa'azin Lahadi ba shi da littafin sharhi ko ɗaya, ko saurayi da budurwa da ke zuwa wurin fasto don koyarwar aure, ko malamin makarantar Lahadi. Amsar nan ce za ta yanke kusan komai: kaurin littafin, girman haruffa, farashi, hoton bango, da wurin da za ka kai shi.

Ita ce kuma za ta yanke maganar harshe. Ɗaliban makarantun tauhidi da matasan birni galibi da Turanci suke karatu. Amma a Kudancin Kaduna, Filato, Tafawa Ɓalewa, Tangale, Zuru, Adamawa da Kudancin Borno akwai dubban ikkilisiyoyi da ke sujada da Hausa kowace Lahadi, suna waƙa da Hausa, suna karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma abin karantawa kaɗan ne ke isa gare su. A ganina wannan ce kasuwar da aka fi sakaci da ita. Sai dai ka tuna yawancinsu Hausa ba ita ce harshensu na gado ba. Hausar majami'a suke ji, mai sauƙi, ba mai zurfin karin magana irin ta Kano ko Sakkwato ba. Ka rubuta yadda mai wa'azi nagari ke magana.

Abin da za a gama kafin a je maɗaba'a

Ka ba mutum biyu daban su duba rubutun: ɗaya don koyarwa, wato fasto ko malamin tauhidi, ɗaya don harshe. Kada mutum ɗaya ya haɗa duka biyun, kada kuma ya zama matarka ko abokinka da zai ji nauyin faɗa maka gaskiya. Idan da Hausa ne, ka tabbata irin rubutun da aka zaɓa a kwamfuta yana fitar da ɓ, ɗ, ƙ daidai. Ka nemi a buga maka shafi goma na gwaji ka gani da idonka, domin a wasu na'urori haruffan nan kan rikiɗe su zama akwatuna.

Ka faɗi fassarar Littafi Mai Tsarki da ka ɗauko ayoyi daga ciki. Cikakkiyar fassarar Hausa ta farko ta fito a 1932, wata ta biyo a 1979, akwai kuma sababbi bayansu, kalmominsu ba ɗaya ba ne. Dattijuwar da ta haddace aya a tsohuwar fassara za ta ɗauka kuskure ka yi idan ba ka bayyana ba.

Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya mai alƙaluma 13, a Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta. Manyan shagunan littattafai da ɗakunan karatu na makarantu suna dubanta kafin su karɓi littafi. Dokar 1970 da ta shafi Ɗakin Karatu na Ƙasa ta kuma wajabta wa mawallafi mai zaman kansa ya ajiye kwafi 3 a can. Ka sa su cikin lissafi.

Bango shi ne mai tallan da ba ya gajiya, don haka kada ka bar wa yaron shagon kwamfuta ya haɗa maka a cikin awa ɗaya. Ka jingina samfurin a jikin garu, ka ja da baya taku biyar. Idan ba ka iya karanta taken daga nan ba, wanda ke fitowa daga sujada ma ba zai iya ba. Take ya faɗi amfanin littafin kai tsaye. A bayan bango, layi biyar ko shida kan matsalar da littafin ke magancewa sun fi dogon tarihinka da jerin digirorinka. Ka sa lambar wayar da za a same ka, wadda ba za ka canza ba.

Sai maganar gabatarwa. Kowa na son shugaban ɗarika ya rubuta masa, kuma sunan babba yana buɗe ƙofa. Amma gabatarwar da aka rubuta ba tare da an karanta littafin ba, ana gane ta. Ka nemi wanda masu karatunka suka sani kuma zai karanta da gaske. Idan littafin na mata ne, shugabar Zumuntar Mata ta gunduma ta fi maka amfani nesa ba kusa ba. Ka ba shi ko ita wata ɗaya ko biyu, ba kwana uku ba.

Lissafin farashi

A Luka 14:28 Yesu ya yi maganar mai ginin da ke fara zama ya yi lissafi. Ga misali da alƙaluma na kwatance kawai, kai sai ka sa naka, tunda farashin takarda ba ya tsayawa wuri ɗaya.

A ce kwafi 500 sun ci naira 600,000 gaba ɗaya: gyara, tsara shafuka, bango, ISBN, ɗab'i da dako. Kowane kwafi ya tashi 1,200 ke nan. Amma ba duka za ka sayar ba. Kwafi 50 za su tafi kyauta, ga fastoci, masu gabatarwa, gidajen rediyo, ɗakin karatu, da surukai. Saura 450, don haka ainihin kuɗin kowane kwafi kusan 1,330 ne. Yanzu a ce shago zai ɗauki kashi 30 cikin ɗari. Idan ka sa farashi 2,500, shago ya cire 750, ka karɓi 1,750, ka cire kamar 100 na kuɗin aikawa, ribarka ta tsaya wajen 320. Idan kuwa tausayi ya kama ka ka sa 1,500, shago ya cire 450, ka karɓi 1,050. Duk kwafin da aka saya ka yi asarar kusan 280, ban da kuɗin aikawa, kana murna littafi na tafiya.

Idan farashin da lissafi ya ba ka ya fi ƙarfin mutumin da ka rubuta wa, kada ka rage farashin, ka rage littafin. Shafi 80 da mai bishara zai iya saya ya fi shafi 250 da zai juya ya ajiye. Ana iya raba babban littafi kashi biyu ko uku. Bugun farko kuma kada ya wuce abin da kake da tabbacin sayarwa cikin shekara. Mai maɗaba'a zai ce maka dubu biyu sun fi araha a kowane kwafi, gaskiya ne kuma, amma ba shi zai kwana da kwalayen a ɗakinsa ba.

Lokaci

Manomin tumatir ba ya jira sai ya tsinke kafin ya nemi mai saye, haka ma littafi. Wata uku kafin fitowarsa ya kamata a fara jin labarinsa.

Aljihun jama'armu yana da lokutansa. Da damina kuɗi na wurin taki, a watan Satumba na wurin kuɗin makaranta. Daga kaka zuwa Kirsimeti hannu ya fi sakewa, lokacin ne kuma ake bukukuwan aure da taron godiya, mutanen birni suna komawa gida. Littafin ibada na kowace rana dole ya kasance a hannu tun Oktoba ko Nuwamba. Wanda ya fito a Fabrairu ya makara. Littafin aure ya riga watannin biki. Littafin ɗalibai ya zo daidai da buɗe zangon karatu.

Ƙofar majami'a

Nan ne ainihin kasuwar marubuci Kirista, nan ne kuma aka fi yin ɓarna. Kada ka tari fasto ranar Lahadi da safe, minti goma kafin sujada, da kwali a kai. Ka je ofishinsa a tsakiyar mako da kwafi ɗaya da ka sa wa hannu. Bayan gaisuwa, maganar ba ta wuce haka ba: "Baba, ga ɗan aikin da Ubangiji ya taimake ni na yi a kan tarbiyyar yara. Na kawo muku ku duba. In kun ga zai amfani ikkilisiya, sai ku ba ni izini in kawo." Sai ka yi sallama ka tafi. Bayan mako biyu ka kira ka gaishe shi. Idan ya karanta ya yarda, kalma biyu daga bakinsa lokacin sanarwa sun fi takardar talla ɗari.

Ka san tsarin ɗarikar da ka shiga. A ECWA ana hawa daga ikkilisiya zuwa LCC (ƙaramar majalisar ikkilisiyoyi) zuwa DCC (majalisar gunduma), a COCIN akwai LCC da RCC (majalisar yanki), a Anglikan da Katolika akwai dayosis. Wasiƙar amincewa daga sakataren gunduma tana sa ka shiga majami'u da yawa ba tare da ka fara bayani daga tushe a kowacce ba. Ka rubuta takardar neman izini, ka haɗa da kwafi, ka yi haƙuri da jinkirin kwamiti.

Idan an ba ka dama a sanarwa, minti biyu sun isa. Ka faɗi matsalar da littafin ya taɓa, ka karanta sakin layi ɗaya, ka faɗi farashi da inda teburin yake, ka zauna. Idan kuwa wa'azi aka gayyace ka, ka yi wa'azi. Kada bagade ya koma wurin talla. A bar wa mai sanarwa ya ambaci littafin.

Teburin ya kasance a waje, ta inda jama'a ke fita, a inuwa. A shimfiɗa zani mai tsabta, a tsayar da kwafi biyu ko uku yadda za a ga bango, a bar ɗaya a buɗe don a duba. A rubuta farashi da manyan alƙaluma a kwali, domin mutane da yawa kunyar tambaya suke ji, sai su wuce. A tanadi canji, a rubuta lambar asusu ga masu tura kuɗi ta waya. Wani ya riƙe kuɗi, kai kuma ka tsaya kana gaisawa kana sa hannu. Ka ajiye littafin rubutu a gefe, duk wanda ya saya ka roƙe shi lambar wayarsa, ka gaya masa dalili: don ka sanar da shi idan wani littafin ya fito. Wanda ya ƙi, ka ƙyale shi.

Abin da ya fi teburin ma ƙarfi shi ne ƙungiyoyi. Zumuntar Mata, Zumuntar Maza, matasa, ƙungiyar mawaƙa, 'yan Sabon Rai, Boys' Brigade da Girls' Brigade, duk suna taruwa mako-mako, shugabanninsu kuma kullum suna neman abin koyarwa. Ka sa tambayoyin tattaunawa uku ko huɗu a ƙarshen kowane babi. Da wannan kaɗai littafin ya zama abin nazari na mako takwas ko goma, maimakon kwafi ɗaya sai a ɗauki talatin. Ka yi musu ragi idan sun saya da yawa, ko ka bar wa asusun ƙungiyar wani kaso. Matan zumunta in suka karɓi abu, har ƙauyen da ba ka taɓa jin sunansa ba zai kai.

Ranar ƙaddamarwa

Ka yi ta, amma ka san me kake nema. Manufarta tara kuɗin da zai biya bashin maɗaba'a ya kuma ɗauki nauyin rarrabawa. Kada kuɗin haya da abinci da anko su cinye abin da za a tara. Ɗakin taron majami'a bayan sujada ya wadatar. Alkawarin da aka yi a lasifika ba kuɗi ba ne sai ya shigo hannu, saboda haka a sa mutum biyu masu natsuwa su rubuta suna da adadi, a bi cikin mako guda da wasiƙar godiya, tun abin bai huce ba.

Ga dabarar da ke juya ƙaddamarwa ta zama karatu. Maimakon babban mai ƙaddamarwa ya ba da kuɗi mai yawa ya tafi da kwafi ɗaya da ba zai buɗe ba, a roƙe shi ya ɗauki nauyin kwafi 50 ko 100 ga masu bishara na karkara, ko ɗaliban wata makarantar Littafi Mai Tsarki, ko fursunoni. Ka kai da kanka, ka ɗauki hoto, ka aika masa. Ya ga inda kuɗinsa ya tafi, littafin kuma ya shiga hannun masu bukata. A kuma ware farashi na kowa da kowa a ranar, kada talaka ya koma gida hannu wofi don ya ji ana kiran dubbai.

Shaguna, makarantu da manyan taruka

A Jos akwai Challenge Bookshop na ECWA da Albishir na COCIN, ga kuma shagon ACTS da ke Bukuru a harabar kwalejin tauhidi ta TCNN, wanda ya fi karkata ga littattafan tauhidi. Makarantu irin su JETS, makarantar tauhidi ta ECWA a Jos, makarantar tauhidi ta Kagoro, ta Gindiri da ta Kulp a Kwarhi suna da ɗakunan karatu da malamai. Malami ɗaya da ya sa littafinka cikin jerin abin karantawa na ajinsa ya ba ka masu saye kowace shekara. Ga matasa kuma akwai ƙungiyoyin ɗalibai Kirista: FCS a makarantun sakandare da NIFES a jami'o'i.

Shaguna da yawa sai sun sayar suke biya. Ka fara da kwafi 10, kada ka jibge musu kwali. A rubuta takarda: adadi, farashi, kason shago, ranar lissafi, da wanda zai ɗauki asarar kwafin da ya lalace. Kowa ya sa hannu ya riƙe tasa. Haka za ka yi da ɗan'uwa a cikin Ubangiji da ya ce a ba shi ashirin ya kai garinsu. "Ai mu 'yan'uwa ne" ta kashe zumunci da yawa a kan kuɗin littafi, takarda kuwa tana tsare zumuncin.

Manyan taruka, kamar Majalisar ɗarikar EYN a Kwarhi, babban taron ɗarikar LCCN a Demsa, tarukan TEKAN (tarayyar ɗarikoki) da na mata na gunduma, suna tara fastoci da shugabanni daga wurare masu nisa a fili ɗaya. Ka nemi izinin tebur tun da wuri. Ribar taron ba ta tsaya ga cinikin ranar ba. A nan za ka samu wakilai da za ka riƙa aika wa kwali ta tashar mota. Idan kana son ƙetarawa Nijar, akwai ikkilisiyoyi masu sujada da Hausa a yankin Maraɗi da Galmi, sai dai farashi da sefa za a yi, kuma sai ka samu mutumin can da zai riƙe maka.

Waya da rediyo

WhatsApp ya fi komai kusa da masu karatunka. Lambobin da ka tara a tebur su ne jarinka. Jerin aika saƙo ga mutane da yawa yana ɗaukar lamba 256, kuma saƙon yana isa ne kawai ga wanda ya ajiye lambarka, don haka ka roƙe su su ajiye. Kada ka tura "ku sayi littafina" kowace safiya, za a toshe ka. Ka tura abin amfani: sakin layi ɗaya, addu'a gajeriya, amsar wata tambaya da mai karatu ya yi. Saƙon murya na minti biyu da kake karanta wani sashe yana kaiwa ga waɗanda ke jin Hausa amma karatu na ba su wuya, su kuwa sukan saya don 'ya'yansu su karanta musu. A Facebook, hoton mai karatu riƙe da littafin tare da abin da ya faɗa da bakinsa ya fi hotonka da kwat. Ka nemi izininsa kafin ka wallafa, kada kuma ka ƙirƙiri shaidar da ba a ba ka ba.

Tashoshin jiha irin su PRTV a Jos suna da shirye-shiryen Kirista, musamman ranar Lahadi. Kafin ka biya kuɗin sanarwa, ka kai wa mai gabatar da shiri kwafi ka nemi a yi hira a kan batun littafin. Hira ta minti goma sha biyar a kan rikicin uwar miji da matar ɗa za ta sa waya ta yi ta ƙara fiye da sanarwar daƙiƙa talatin.

Game da sayar da littafi ta intanet, dandalin Selar yana ba 'yan Najeriya damar sa littafi a biya da naira. Amma ka sani, duk fayil ɗin PDF da ya shiga waya ɗaya zai iya zagaya rukuni goma kafin dare, masu turawa kuma suna ganin aikin bishara suke yi. Hanya mafi sauƙi ita ce ka saki babi ɗaya kyauta da gangan, da lambarka a ƙarshe, ka riƙe sauran a takarda har bugun farko ya ƙare. Kada kuma ka dogara da dandali ɗaya: OkadaBooks, da marubutan Najeriya da yawa suka jingina da shi, ya rufe a ƙarshen 2023. Lambobin masu karatu da ainihin fayil ɗin littafin su kasance a hannunka.

Littafin lissafi

Ka sayi littafin rubutu mai kauri ka ja layuka: rana, wuri, wanda ya karɓa, kwafi nawa, nawa aka biya, nawa ya rage. Kuɗin littafi ya samu asusunsa daban, kada ya haɗu da na cefane. Ƙarshen kowane wata ka kira wakilanka ɗaya bayan ɗaya. Inda kwafi goma suka yi wata huɗu ba su motsa ba, ka kwaso su ka kai inda ake nema.

Bayan wata shida littafin nan zai nuna maka abin da ba ka zata ba: wataƙila littafin da ka rubuta wa matasa iyaye ne ke saye, ko gunduma ɗaya ta ɗauki rabin bugun. Can za ka mai da ƙarfinka. A shafukan baya kuma ka riƙa rubuta duk kuskuren da masu karatu suka nuna maka, da tambayoyin da suke yawan yi, don gyaran bugu na gaba. Idan kwafin da suka rage sun sauka zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, kuma kuɗin da ke asusu ya kai na ɗab'i, ka koma maɗaba'a ka tambayi sabon farashin takarda, ka sake lissafin daga farko kafin ka ba da aiki.